Andrey Kolmogorov: Masanin da ya auna rashin tabbas

Rashin tabbas iri biyu ne, kodayake a maganar yau da kullum ba a cika rarrabe su ba. Manomin da ya ga hadari ya haɗo da yamma bai san ko ruwan zai sauka a gonarsa ko zai zarce gaba ba, amma da zarar gari ya waye shakkarsa ta kau. Shi kuwa wanda aka tambaya ko wani matsakaicin mutum dogo ne, ko da an kawo ma'auni an gwada tsawon daidai-wa-daida, amsar ba za ta fito sarai ba, domin ita kalmar dogo ba ta da shatacciyar iyaka. Masana lissafi sun gina wa kowane iri fanninsa. Na farko shi ne lissafin yiwuwa, na biyu kuma nazarin rukunoni masu dishi-dishin iyaka, kuma an daɗe ana ja-in-ja a kan ko dangi ne ko kishiyoyi. Mutumin da ya aza harsashin fanni na farko, ya kuma bar wani ɗan tunani da daga baya ya zama gada tsakanin su biyun, shi ne Andrey Nikolayevich Kolmogorov na ƙasar Rasha.

Maraya a gidan kaka

An haifi Kolmogorov a ranar 25 ga watan Afrilun 1903 a garin Tambov. Mahaifiyarsa Mariya ta rasu wajen haihuwarsa. Mahaifinsa Nikolai Kataev, masanin aikin gona, bai rene shi ba, kuma ya salwanta a 1919 lokacin yaƙin basasar Rasha. 'Yar'uwar mahaifiyarsa, Vera Yakovlevna, ita ce ta ɗauke shi ta riƙe shi tamkar ɗan cikinta a gidan kakansa da ke ƙauyen Tunoshna, kusa da birnin Yaroslavl. Sunan Kolmogorov ma na dangin uwarsa ne.

A wannan gida iyayen riƙonsa sun buɗe 'yar ƙaramar makaranta, har da mujallar yara da ake rubutawa da hannu. A cikinta ne yaron, yana da shekara biyar zuwa shida, ya fitar da abin da ya fara ganowa da kansa: idan aka tara lambobin da ba su rabuwa biyu a jere, jimillar kullum lamba ce da aka ninka da kanta. Ɗaya da uku huɗu ne, wato biyu sau biyu. A ƙara biyar ya zama tara, wato uku sau uku. A ƙara bakwai ya zama goma sha shida. A 1910 Vera ta koma da shi Mosko domin karatu. Juyin juya halin 1917 da yunwar da ta biyo baya sun same shi yana saurayi, har ya ɗan taɓa aikin jirgin ƙasa kafin ya shiga Jami'ar Mosko a 1920.

Daga tarihi zuwa lissafi

Da farko zuciyarsa ta karkata ga ilimin tarihi. Ya yi bincike a kan rajistar filaye ta yankin Novgorod a ƙarni na 15 da na 16, ya gabatar da sakamakonsa a gaban Farfesa Sergei Bakhrushin. Kamar yadda shi Kolmogorov ya riƙa bayar da labari daga baya, malamin ya nuna masa cewa hujja guda ba ta wadatar da masanin tarihi, sai an jero da dama. Sai ya zaɓi fannin da hujja guda, in dai ta inganta, ta isa ta rufe magana.

Ya zama ɗalibin Nikolai Luzin, wanda a lokacin ya tara matasa masu hazaƙa a kewayensa. A 1922, yana da shekara 19 kacal, sunansa ya tsallaka iyakar Rasha. Tun farkon ƙarni na 19 Bafaranshe Joseph Fourier ya nuna yadda za a warware abu mai hawa da sauka, kamar sautin kiɗa, zuwa igiyoyi masu sauƙi, sannan a sake harhaɗa su. Kolmogorov ya ƙera misalin da harhaɗawar ta ƙi daidaituwa a kusan kowane ɗigo, abin da manyan masana ba su zata zai yiwu ba.

A 1925, shekarar da ya kammala digirinsa, ya fitar da ayyuka biyu da suka nuna inda ya dosa. Ɗaya ya rubuta tare da Aleksandr Khinchin, kuma shi ne aikinsa na farko a lissafin yiwuwa. Ɗayan ya shafi tsohuwar ƙa'idar manɗiƙi da ke cewa kowace magana ko dai gaskiya ce ko ƙarya, babu ta uku. Masanin Holan L. E. J. Brouwer ya ƙi amincewa da wannan ƙa'ida a wasu sassan lissafi. Kolmogorov ya nuna cewa ana iya fassara hujjojin da suka dogara da ita zuwa tsarin da bai dogara da ita ba. Tun yana da shekara 22 ke nan ya fara bin diddigin iyakar da ke tsakanin i da a'a.

Ƙaramin littafin 1933

A 1929 ya ƙulla abota da masanin lissafi Pavel Aleksandrov a wata doguwar tafiya da suka yi ta Kogin Volga zuwa yankin Kaukasus, abotar da ta ɗore har mutuwa ta raba su. Ya ziyarci Jamus da Faransa tsakanin 1930 da 1931, ya dawo ya zama farfesa a Jami'ar Mosko.

A wancan zamani lissafin yiwuwa yana da amfani amma ba shi da mutunci sosai a idon masana. Asalinsa daga teburin caca ne, tun wasiƙun da Blaise Pascal da Pierre de Fermat suka yi musaya a 1654, kuma har farkon ƙarni na 20 babu matsaya guda a kan ma'anar ita kanta kalmar yiwuwa. A 1900 David Hilbert ya jero matsaloli 23 da ke jiran masana, ta shida a cikinsu ta haɗa da neman a kafa wa wannan fanni tabbatattun ƙa'idoji.

Kolmogorov ya amsa wannan kira a 1933 da wani littafi da ya rubuta da Jamusanci, wanda bai kai shafi ɗari ba. Dabararsa ita ce ya ɗauki dukkan abubuwan da za su iya faruwa a matsayin fili guda, kowane al'amari kuma a matsayin yanki daga cikin filin, wato rukuni. Yiwuwar al'amarin ita ce rabon da yankinsa ya ci daga filin. Daga nan ƙa'idojin suka fito da sauƙi: babu yiwuwar da ke ƙasa da sifiri, filin gaba ɗaya yiwuwarsa ɗaya ce, idan yankuna ba su hau kan juna ba, yiwuwar haɗinsu ita ce jimillar yiwuwarsu. Ta haka ya jingina katari ga ilimin awo da Faransawa Émile Borel da Henri Lebesgue suka gina. Har gobe a kan waɗannan ƙa'idoji ake koyar da fannin a jami'o'in duniya.

A cikin littafin akwai wani ɗan misali da bai ja hankali ba a lokacin. Kolmogorov ya ce a ɗauki wani yanki na fili wanda katari ne ke shata siffarsa. Ana iya kwatanta shi da inda ruwan hadari ya jiƙa: yau siffarsa daban, gobe daban, amma a kowace rana kowace gona ko ta jiƙe ko ba ta jiƙe ba. Irin wannan yanki ne daga baya masana suka kira rukunin katari. Kowane ɗigo a filin yana da lambarsa tsakanin sifiri da ɗaya, wato yiwuwar yankin ya rufe shi. Kolmogorov ya nuna cewa idan aka tattara waɗannan lambobi na dukkan ɗigogin, za a sami matsakaicin girman yankin. Idan gonaki 100 ne masu girma ɗaya, kowacce kuma tana da yiwuwar kashi 30 cikin 100 ta sami ruwa, to a matsakaici gonaki 30 ne za su jiƙe, ko wace irin siffa hadarin ya ɗauka.

Bayan shekara huɗu, a 1937, ya yi aiki da wannan tunani a kan narkakken ƙarfe da ke daskarewa. Ƙwayoyin daskarewa suna ɓullowa nan da can ba tare da tsari ba, kowacce tana faɗaɗa har ta ci karo da maƙwabciyarta. Maimakon ya bi kowace ƙwaya, sai ya tambayi yiwuwar a ce wani ɗigo guda bai rufu ba tukuna a wani ƙayyadajjen lokaci. Amsar ta ba shi rabon ƙarfen da ya daskare. Masana a Amurka, William Johnson da Robert Mehl da Melvin Avrami, sun isa ga irin wannan sakamako daga 1939, shi ya sa ƙa'idar take ɗauke da sunayen su huɗun a ilimin ƙarafa.

Zamanin tsoro

Waɗannan ayyuka sun fito ne a lokacin da rayuwar masani a Tarayyar Sobiyet take rataye da zare. An kama Dmitri Egorov, malamin Luzin, a 1930, ya mutu a 1931 bayan yajin cin abinci. A 1936 jaridar Pravda ta far wa shi Luzin, ta zarge shi da zagon ƙasa da fifita mujallun ƙasashen waje. Cibiyar Kimiyya ta Tarayyar ta kafa kwamitin bincike, kuma tsofaffin ɗalibansa da dama, ciki har da Aleksandrov da Kolmogorov, suna cikin waɗanda suka tsaya a ɓangaren masu zargi. Luzin ya tsira daga kurkuku amma ya rasa muƙamansa. Wannan tabo ne da ya kasa gogewa daga tarihin Kolmogorov, kuma tsamin dangantakar ya kai ga ya mari tsohon malaminsa a 1946, bayan Luzin ya ƙi mara wa Aleksandrov baya a zaɓen shiga Cibiyar. Sai a 2012 Cibiyar ta soke hukuncin da aka yanke wa Luzin.

Amma mutumin da ya rusuna a 1936 ya nuna ƙarfin hali a 1940. A lokacin Trofim Lysenko, ɗan gaban goshin Stalin, yana yaƙi da ilimin gadon halitta. Wata ɗalibarsa ta wallafa sakamakon gwajin da ta yi da wake, da nufin ƙaryata ƙa'idar Gregor Mendel ta uku bisa ɗaya. Kolmogorov ya ɗauki alƙaluman nata ya auna, ya wallafa cewa bambance-bambancen da ta gani su ne daidai abin da katari zai haifar idan ƙa'idar Mendel gaskiya ce. Hujjar da aka kawo domin rushe ƙa'idar sai ta zama mai ƙarfafa ta. A shekarar ce aka kama babban masanin tsirrai Nikolai Vavilov, wanda ya mutu a kurkuku a 1943, don haka Kolmogorov ya san irin wutar da yake taɓawa.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya iso Rasha, ya juya ga lissafin harbin igwa, inda ya yi nazarin yanayin da warwatsa harsasai da gangan ya fi auna wuri guda amfani. A 1941 ya fitar da ƙa'idarsa kan hargitsin ruwa da iska, wadda masana ke aiki da ita har yau. A 1942 ya auri Anna Dmitrievna Egorova, wadda ya sani tun suna makaranta.

Shekarar 1965

Bayan yaƙi bai rage hanzari ba. A 1954 ya gabatar da aikinsa kan ɗorewar tafiyar abubuwa irin su duniyoyin da ke kewaya rana, a 1957 kuma shi da ɗalibinsa Vladimir Arnold suka warware wani fasali na matsalar Hilbert ta 13. Duk da haka wata tambaya ta ci gaba da damunsa. Ƙa'idojinsa na 1933 suna koyar da yadda za a yi lissafi da katari, amma ba su faɗi abin da ya sa za a kira wani jerin lambobi na katari ba. A 1965 ya kawo amsa: jeri na katari shi ne wanda ba za a iya taƙaita shi ba, wato babu umarnin kwamfuta da ya fi shi gajarta da zai iya fitar da shi.

A wannan shekara ce kuma, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wani injiniya mai suna Lotfi Zadeh, haifaffen birnin Baku da ya tashi a Tehran, ya wallafa maƙalar da ta buɗe fanni na biyu. Zadeh ya lura cewa yawancin kalmomin da ɗan'adam ke tunani da su, irin su dogo da tsoho da zafi, ba su da iyaka mai kaifi. Sai ya ba da shawarar a bar abu ya shiga rukuni da daraja tsakanin sifiri da ɗaya: wani dogo ne da darajar 0.9, wani da 0.4. Ya dage cewa wannan daraja ba yiwuwa ba ce. Masana da dama, ciki har da Rudolf Kalman, sun soki tunanin da kakkausar murya, wasu kuma suka ce lissafin yiwuwa ya riga ya wadatar.

Gadar da ta haɗa su

Yayin da ake wannan muhawara, nazarin rukunin katari yana girma a gefe. Herbert Robbins ya faɗaɗa misalin Kolmogorov a 1944. Gustave Choquet ya samar da kayan aikin lissafin da ake buƙata a farkon shekarun 1950. David Kendall na Ingila a 1974, da Georges Matheron na Faransa a 1975, wanda ya fito daga fagen ƙiyasta ma'adinan ƙarƙashin ƙasa, suka mayar da shi cikakken fanni. Daga nan masana irin su Hung Nguyen da Irwin Goodman a Amurka, da Wang Peizhuang a ƙasar Sin, suka bayyana alaƙar da ke tsakanin fannonin biyu.

Alaƙar tana da sauƙin fahimta. A ɗauka an tara mutum 100, an ce kowa ya ja layinsa na inda tsawo ya fara. Wani zai ce daga santimita 170, wani 175, wani 180. Rukunin dogaye na kowane mutum yana da kaifin iyaka. Idan aka zaɓi mutum guda ta hanyar ƙuri'a, rukunin da za a samu ya zama rukunin katari. To mene ne yiwuwar wannan rukuni ya haɗa da mai tsawon santimita 176? Idan 60 daga cikin mutanen sun ja layinsu a ƙasa da haka, amsar ita ce 0.6. Wannan lamba tana iya zama darajar shiga rukuni irin ta Zadeh, kuma ita ce dai lambar da Kolmogorov ya ɗora wa kowane ɗigo a 1933, wato yiwuwar yankin ya rufe shi.

Ana iya bin hanyar ta baya ma. A ɗauki kowane rukuni mai dishi-dishi, a zaɓi lamba tsakanin sifiri da ɗaya ta hanyar ƙuri'ar da ba ta fifita kowace lamba ba, sannan a tattara duk abin da darajarsa ta kai wannan lamba. Abin da zai fito rukunin katari ne, kuma yiwuwar ya rufe kowane abu daidai take da darajar abin. Saboda haka babu rukuni mai dishi-dishi da ba shi da rukunin katari a bayansa.

Sai dai ba guda ɗaya ne kawai a bayansa ba, kuma nan ne iyakar alaƙar take. A ɗauki manomi mai gona biyu, kowacce da rabin yiwuwar samun ruwa. A wani yanayi hadari kullum ko ya jiƙa su duka ko ya tsallake su duka. A wani yanayin kuma kullum guda ɗaya yake jiƙawa ya bar ɗayar. Lambobin gonakin ba su canza ba, rabi da rabi ne a duka biyun, amma a yanayi na farko manomin zai iya tashi a tutar babu, a na biyu kuwa ba zai taɓa rasa gona guda mai ruwa ba. Darajar kowane ɗigo ba ta faɗin yadda ɗigogin ke tafiya tare. Wannan ne ya sa Goodman ya bayyana a 1982 cewa rukuni mai dishi-dishi tamkar suna ne da ya tattara iyalin rukunonin katari masu yawa da suka yi tarayya a lambobin rufewa.

Wannan fahimta ta warware wani tsohon saɓani. Idan abu yana cikin wani rukuni da darajar 0.8, yana cikin wani da 0.5, da wace daraja yake cikin su biyun a tare? Zadeh ya zaɓi ƙaramar lambar, wato 0.5, wasu sun fi son a ninka su a sami 0.4. Ta fuskar rukunin katari duka biyun suna da gurbinsu: idan ƙuri'a guda ce ta yanka rukunonin biyu, ƙaramar lambar ce amsa, idan kowanne da ƙuri'arsa mai zaman kanta, ninkawa ce amsa. Abin da lissafin bai yanke ba shi ne ma'ana. Zadeh ya ci gaba da riƙe cewa fannonin biyu masu cike giɓin juna ne, domin awo yana kawar da shakkar katari amma ba ya kawar da dishi-dishin kalma.

Malami har ƙarshe

Kolmogorov ya ba da kashi mai yawa na ƙarshen rayuwarsa ga yara. A 1963 ya jagoranci kafa makarantar kwana ta lissafi da kimiyyar fiziks a ƙarƙashin Jami'ar Mosko domin haziƙan yara daga larduna, inda da kansa yake shiga aji, yana kuma yi musu bayanin kiɗa da adabi. A gidansa na Komarovka, wanda shi da Aleksandrov suka mallaka tun 1935, ɗalibai sun saba da tattauna lissafi a doguwar tafiyar ƙafa cikin daji da iyo a ruwan sanyi. Daga hannunsa aka sami manyan masana irin su Arnold da Israel Gelfand da Yakov Sinai da Eugene Dynkin da Boris Gnedenko.

Gyaran manhajar lissafi ta makarantun ƙasar da ya jagoranta bai yi masa daɗi ba. Ya shigar da harshen rukunoni cikin littattafan yara, malamai da iyaye suka koka cewa ya yi tsauri, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 abokan aikinsa, musamman Lev Pontryagin, suka fito fili suka soke shi. Harshen da ya daidaita masa lissafin yiwuwa a 1933 bai karɓu a ajin sakandare ba.

Ya sami lambobin yabo masu yawa, ciki har da Kyautar Balzan a 1962, da ta Lenin a 1965, da ta Wolf a 1980. Aleksandrov ya mutu a 1982, shi kuma cutar Parkinson ta ci ƙarfinsa, ganinsa ya raunana, har ɗalibansa suka riƙa kwana a wurinsa bi da bi suna jinyarsa. Ya mutu a Mosko ranar 20 ga watan Oktoban 1987 yana da shekara 84, aka binne shi a maƙabartar Novodevichy. A wannan shekarar ce birnin Sendai na Japan ya buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke sarrafa gudunsa da birkinsa bisa tsarin Zadeh. Masu nazarin hotunan likitanci da masu ƙiyasta ma'adinai da masu bin sawun jirage da na'urar rada kuwa suna aiki da rukunin katari, kuma a dukkan waɗannan fagage tambayar farko ita ce wadda Kolmogorov ya yi yana da shekara 30: yiwuwar yankin da ba a san siffarsa ba ya rufe wani ɗigo guda.